Dariyar wanda ya tsira ba takardar sallama ba ce

Jami'an da aiki yake kai su daga Abuja zuwa sansanonin 'yan gudun hijira sukan dawo da labari kusan iri guda: mutanen nan suna da ƙarfin hali, har raha suke yi. Gaskiya ne, suna yi. Matar da aka ƙone ƙauyensu za ta iya tsokanar maƙwabciyarta a layin rabon abinci har wurin ya kaure da shewa. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da aka zauna rubuta rahoto, inda wannan dariya take rikiɗewa ta zama hujjar cewa shinkafa da bargo da tanti sun wadatar.

Amfanin raha ga wanda ya ga tashin hankali abu ne tabbatacce. Firgici yakan bar jiki a cikin shirin gudu ko da hatsarin ya wuce: barci ya ƙaurace, ƙarar rufe ƙofa ta zama ƙarar bindiga, mutum ya riƙa janye jiki daga jama'a. Dariyar da aka yi tare da wasu tana shaida wa jiki cewa a wannan sa'a dai babu abin tsoro. Tana kuma mayar wa mutum da ikon labarinsa. Wanda ya iya bayar da labarin yadda ya tsallake katanga da takalmi wari guda har masu sauraro suka tuntsire, ya tashi daga matsayin wanda abu ya faɗa wa, ya zama mai riƙe da akalar zancen. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya ba da labarin yarjejeniyar da suka yi da wani abokinsa a tsare: kowace rana su ƙirƙiro labarin ban dariya guda a kan abin da zai iya faruwa bayan an sake su. Dabarar tana tilasta wa zuciya ta ɗauka cewa akwai gobe.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an daɗe da tsara wannan magani. Akwai wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda rawar da yake takawa wajen kashe wutar husuma. Abin lura a tsarin shi ne ƙa'idarsa. Kowa ya san abokin wasansa, kuma wanda aka zolaya yana da damar ramawa nan take. Bafulatani da Babarbare za su yi ta musun wane ne bawan wane, su rabu suna dariya, domin babu wanda abincin gobensa yake hannun ɗayan.

Wannan daidaito ne yake ɓacewa idan mai iko ya shigo. Darakta ko hadimin minista da ya tsaya gaban waɗanda ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta raba da gidajensu, ya saki barkwanci don ya sassauta taro, zai sami dariya. Amma dariya ce ta wanda yake jiran a kira sunansa a takardar tallafi, kuma ba shi da bakin ramawa. Masu rubuta wa manya jawabi ya kamata su san bambancin raha da izgili, su kuma san cewa sau da yawa matsayin mai magana ne yake raba su, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Batun ma bai tsaya a sansani ba. A ma'aikatun Abuja akwai waɗanda suka tsira daga bam ɗin Nyanya na Afrilun 2014, da waɗanda harin jirgin ƙasan Kaduna na 28 ga Maris, 2022 ya rutsa da su ko da 'yan'uwansu. Idan irin wannan abokin aiki ya fara zolayar kansa, kyautatawa ce a taya shi dariya. Idan bai fara ba, babu wanda yake da hurumin buɗe masa wannan ƙofa. Wani lokaci kuma mai yawan ban dariyar ofis shi ne wanda ya fi kowa kwana ido biyu, domin raha tana iya zama mayafi kamar yadda take zama magani.

Saboda haka dariya ba ta ɗauke wa gwamnati nauyin da yake kanta. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da kuma asusun kula da wannan fanni. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma asibitocin tarayya irin na Maiduguri da Kaduna da Kware sun yi wa mafi yawan ƙauyukan da rikici ya ɗaiɗaita nisa. Abin da zai kai ga waɗannan mutane shi ne horar da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko su gane alamun firgici, tare da malamai da shugabannin mata da jama'a suka riga suka amince da su.

Wannan aiki kuɗi yake buƙata, kuma kuɗin yana bin abin da aka rubuta a rahoto. Jami'in da ya dawo daga Bama ko Anka yana iya rubuta cewa mutanen suna raha. Ya dace a layi na gaba ya rubuta ko ya tambaye su yadda suke barci, da amsar da suka ba shi.