Inda Yaran Suleja Ke Tuntuɓe A Turanci

Duk wanda ya ratsa ta bayan tagar wata makarantar furamare a Suleja da hantsi, ko a cikin gari ne ko Kwamba ko Madalla, da wuya ya wuce bai ji yara suna rera abu guda da ƙarfi ba: "go, went, gone, eat, ate, eaten." Malam yana tsaye da bulala, yara suna bi kamar masu tilawa. Wanda ya ji su sai ya ce ai Turanci ya zauna. Amma a ɗauko ɗaya daga cikin yaran nan bayan shekara shida ko bakwai, sa'ad da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, a ce ya rubuta wa mahaifinsa da ke Agege wasiƙa ya ba shi labarin hawan Salla. Layi na farko zai fara da "went", layi na biyu ya koma "go", kafin ya kai ƙasan takarda jiya da yau da gobe duk sun cakuɗe.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal fiye da yadda suke zato. Da yawa daga cikinsu sun bar iyali a gida, suna aiko da kuɗin makaranta daga abin da suka samu a fataucin goro ko shanu ko canji ko gadi. To, dokar shiga jami'a a ƙasar nan ba ta da sassauci game da Turanci: ko yaro ya cinye lissafi da kimiyya, in bai sami kiredit a Turanci ba sai ya sake zama. Kuma masu duba takardar insha'i ta Hukumar WAEC, wadda ake son ta kai kalma wajen 450, suna ware maki 10 domin tsabtar rubutu kaɗai, kowane kuskure kuwa rabin maki ne. Wato kuskure 20 ya share makin nan kaf. Yaron da bai riƙe lokutan aikatau ba yakan yi kuskure 20 tun bai juya shafi ba.

Galibi akan ɗora laifin a kan yara, a ce ba su da ƙwaƙwalwa ko kuwa wayar hannu ta ɗauke musu hankali. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen waya. Amma wanda ya zauna ya duba kurakuran da kyau zai ga ba barkatai suke ba. Kusan iri ɗaya ne a kowace makaranta, kuma kowane yana da asali a cikin Hausa.

Ga yadda abin yake. A Hausa aikatau ba ya motsi saboda lokaci. Ana cewa ya ci, yana ci, zai ci, yakan ci. "Ci" yana nan yadda yake, ɗan abin da ke gabansa shi ke ɗauke da nauyin. Bature kuwa cikin aikatau ɗin kansa yake shiga ya sāke shi, har akwai wajen ɗari biyu da ba su bin kowace ƙa'ida, dole sai an haddace su. Wannan kaɗai ya isa ya rikita yaro. Amma babbar matsalar tana gaba. Bahaushe abin da ya fi damunsa shi ne ko aiki ya kammala ko yana gudana. Batun yaushe, sai ya bar wa kalmomi irin su jiya da ɗazu da bara. Shi ya sa yake cewa "ina karatu yanzu", ya kuma ce "jiya da ya shigo ina karatu", bai canza kome ba. A Turanci na farko "I am reading" ne, na biyu "I was reading". Yaron da ya rubuta "yesterday I am reading" ba shirme ya yi ba, Hausarsa ya fassara daidai wa daida.

Haka kuma "na ci". Bahaushe yana cewa "na ci tuwo jiya", yana kuma cewa "na ci, alhamdu lillahi". Bature ya raba su gida biyu, "I ate" da "I have eaten", ya kuma hana a haɗa na biyun da jiya ko bara. Daga nan ne "I have seen him yesterday" ta fito, wadda ta cika takardun jarrabawa, har da wasiƙun ofis. Sai "na sani" da "na gane", waɗanda siffarsu ta abin da ya wuce ce amma nufinsu yanzu. Malam ya tambaya ko an fahimta, aji ya amsa "we understood". Sai "ina da ƙane biyu", da ke komawa "I am having two brothers" saboda yaro ya koyi cewa "ina" ita ce "I am". Sai "tun safe nake jiranka", inda Bature ke son "I have been waiting", yaro kuwa ya ba shi "I am waiting". Sai "in ya zo gobe", da ke fitowa "if he came tomorrow".

Akwai ɗaya da ya kamata iyaye su ji da kunnensu. Yaro yana so ya ce mahaifinsa yakan yi salla a masallaci kullum, sai ya rubuta "my father used to pray in the mosque". A kunnen mai duba takarda ma'anar wannan ita ce dā uban yana yi, yanzu ya daina. Ga shi an yi wa bawan Allah ƙazafi a takardar jarrabawa, alhali abin da ake bukata "my father prays" ne kawai.

Duk wannan ana iya bayyana wa ɗan aji ɗaya na sakandare cikin mako biyu ko uku, in malamin ya yarda ya raba allo biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, ya nuna inda suka yi daidai da inda suka rabu. Abin mamaki, kayan aikin suna nan a makarantar. A darasin Hausa ana koya wa yaran nan shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da lokaci na gaba da lokaci sabau, tun da masana irin su Farfesa M.K.M. Galadanci suka tsara nahawun Hausa. Sai a buga ƙararrawa, malamin Turanci ya shigo ya zana jadawalin lokuta goma sha biyu a allo, kamar yaran ba su taɓa jin wani abu wai shi lokaci ba. Malaman biyu suna shan shayi a ɗaki ɗaya, darussansu ba su taɓa gaisawa ba. A wasu makarantun kuɗi ma tara ake cin yaro in an ji Hausa a bakinsa, a ɗauka wai hakan ne wayewa.

Mutanen Suleja su ne bai kamata a koya wa wannan ba. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Da Gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ƙaurar da babban birni daga Ikko a 1976, garin ya bar wa sabon birnin sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Shi kuwa Sarkin, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, Kwalejin Katsina ya yi, ya kuma riƙe alli kafin ya hau gadon sarauta. Tarihin masarautar da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, da Hausa suka fara rubuta shi, daga baya Frank Heath ya mai da shi Turanci aka buga da sunan A Chronicle of Abuja. Mutanen wancan zamani ba su ga wata gāba tsakanin harsunan biyu ba, kuma har yau ana misali da Turancin 'yan Kwalejin Katsina, irin su Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wani zai ce ai Suleja ta yau ba ta Sarki Sulaimanu ba ce. Gaskiya ne. Tun da aka tare a Abuja a Disamba 1991 garin ya cika da ma'aikatan da haya ta kora daga birnin, aji ɗaya sai a sami Bahaushe da Bagware da Banufe da Bayarabe da Ibo. Yaya za a yi bayani da Hausa? Wannan hujja tana da nauyi, ba a raina ta ba. Sai dai yawancin yaran da suka tashi a garin da Hausa suke ciniki a kasuwa, wanda bai iya ba kuwa ya iya Buroka. Ita kuma Buroka, wadda 'ya'yan 'yan Arewa a Agege da Idi Araba ke tashi da ita, tafiyarta ɗaya da Hausa a wannan fanni: "I don go", "I dey go", "I go go", aikatau a tsaye, ɗan abin da ke gaba yana canzawa. Yarabanci ma kusan haka yake. Ashe ciwon ɗaya ne, malamin da ya gane shi a harshe guda ya gane shi a sauran.

Gwamnati kuwa ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari. Tsarin ilmi na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na furamare. A 2022 Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya ba da sanarwar a kai shi shekara shida. A Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Ba a manta ba dai cewa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida aka kuma ba su ƙwararren malamin Turanci, bai bar su a baya a Turanci ba. Amma ko an bi ra'ayin Minista, maganar ba ta canza ba. In da Turanci za a koyar da tarihi da kimiyya da kome, to yaron da bai bambanta "was" da "is" ba ya yi hasara a kowane darasi, kuma hanya mafi kusa ta fahimtar da shi ita ce a bi ta harshen da yake mafarki da shi. Abin da ake nema ga Ma'aikatar Ilmi a Minna, garin da hedkwatar NECO take, bai wuce ta tara malaman Turanci da na Hausa a lokacin hutu su fitar da ɗan littafi na wannan kwatance ba.

Uban da ke Kudu ma yana da abin yi, ko bai taɓa shiga aji ba. Kafin ya biya kuɗin zango, ya tambaya sau nawa a wata ake sa yara rubuta insha'i, a kuma nuna masa littafin ya ga ko da jan biro a ciki. Littafin da ba jan biro ba a duba shi ba. Ya haɗa da ɗan littafin labari na Turanci cikin tsarabar Salla, domin labari da lokacin da ya wuce ake ba da shi, kunne kuma yakan riƙe abin da jadawali ya kasa dasawa. In ya kira gida da dare, ya sa yaron ya faɗi abin da ya yi jiya da Hausa, sa'an nan ya maimaita da Turanci, a sami wani ɗan sakandare a maƙwabta ya saurara ya ƙirga sau nawa "went" ta koma "go".