Da sabon gini gara yaɓe? Lissafin tsohuwar mota da sabuwa a Kudancin Kano

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin ƙasar nan ya san sunan Rano ko da bai taɓa taka garin ba, domin yana rubuce a goshin gidajen man A.A. Rano daga Kano zuwa Abuja har Legas. Sai dai wannan suna bai sa mutumin Rano ko maƙwabcinsa na Kibiya yana shan mai da rahusa ba. Farashin da ya gigita mai mota a birnin Kano shi ne ya gigita ɗan kasuwar hatsi a Fassi da malamin makaranta a Tarai, kuma su tafiyarsu ta fi nisa.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da N200 a gidajen man NNPC ta haura N500 cikin kwanaki kaɗan, sannan ta tsallake N1,000 a watan Oktoban 2024. Daga nan farashin yana hawa yana sauka, musamman bayan matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur, amma bai sake komawa kusa da inda ya baro ba.

Wannan ne ya farfaɗo da wata tambaya a majalisun 'yan kasuwa da ofisoshin ƙananan hukumomi: mutumin da ke da tsohuwar mota mai lafiya, wadda ta shekara goma tana yi masa hidima, ya ci gaba da riƙe ta, ko ya sayar ya cika kuɗi ya sayi sabuwar ƙaramar mota marar shan mai?

Abin da ke jan hankali ga sabuwar ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan motoci irin su Suzuki S-Presso da Alto, da Kia Picanto, da Hyundai i10, ana yin yawancinsu da ƙaramin inji mai lita ɗaya ko ɗan abin da ya ɗara haka. Suna zuwa da garanti, ba wanda ya taɓa kwance injinsu, ba a juya musu lambar tafiya ba, kuma takardunsu na kwastam ba su da wata inuwa. Ga wanda ya gaji da zaman gareji, wannan kaɗai abin sha'awa ne.

Amma idan aka ɗauki alƙalami, lissafin yakan sauya fuska.

A ɗauki misalin mutumin da ke tafiyar kilomita 1,500 a wata tsakanin Fassi da Kibiya da Rano, tare da shiga Kano ta Bunkure lokaci zuwa lokaci. Idan tsohuwar motarsa tana cin kilomita 10 da lita ɗaya, zai sha lita 150. Idan sabuwar tana cin kilomita 18, zai sha kimanin lita 83. Rarar lita 67 ke nan. A kan N1,000 kowace lita, ya tsira da N67,000 a wata, wato kusan N800,000 a shekara. Kuɗi ne masu kauri, domin sun kusa kamo mafi ƙarancin albashi na N71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince wa ma'aikatan Jihar Kano a ƙarshen 2024.

To, a ƙaddara sabuwar motar ta tsaya masa a kan Naira miliyan 20, ya sayar da tsohuwar a kan miliyan biyar. Cikon miliyan 15 ne. Kafin rarar man ta mayar masa da wannan ciko sai ya yi kusan shekara 19 yana tuƙi, lokacin da ita sabuwar ta girmi tsohuwar da ya rabu da ita.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. Mai tsohuwar mota yakan wadatu da inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 daga Janairun 2023. Wanda ya zuba miliyan 20 a mota kuwa ba zai so ya hau hanyar Zariya ba tare da cikakkiyar inshora ba, kuma idan da bashi ya saya, banki ba zai bar shi ba. Ƙa'idar hukumar ita ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi biyar cikin 100 na darajar motar. Naira miliyan ɗaya ke nan a shekara. Inshorar kaɗai ta lanƙwame rarar man, har da ɗori.

Idan aka zo batun bashi, abin ya fi tsanani. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, kuma bankunan kasuwanci kan ɗora nasu a sama. Bashin miliyan 15 a kan kashi 30 yana nufin ruwan miliyan huɗu da rabi a shekarar farko, wato N375,000 a wata, fiye da ninki biyar na abin da aka rage a gidan mai. Da yawa daga 'yan kasuwar yankin ma ba sa kusantar irin wannan bashi saboda riba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da TAJ, suna sayen mota su sayar wa mutum bisa tsarin murabaha, amma ribar da suke ɗorawa ita ma tana kallon tsadar kuɗi a kasuwa. Hanyar ta kawar da matsalar addini; nauyin biyan wata-wata yana nan.

Shi ɗan kasuwa yana da wani ma'aunin da ma'aikaci ba shi da shi. Miliyan 15 jari ne, kuma motar da aka fitar daga shago darajarta kan fara raguwa tun ranar da aka liƙa mata lamba. Gaskiya ne hatsi ma ba kullum yake biya ba, waɗanda suka ɓoye masara da shinkafa suka gamu da faɗuwar farashi a 2025 shaida ne. Duk da haka, wanda ya saba juya kuɗinsa tsakanin kasuwannin ƙauye da Dawanau yana da wuya ya yarda ya daskarar da su a ƙarfe mai ƙafa huɗu.

Tushen tsadar yana wajen Dala. Kafin Babban Banki ya sake wa Naira mara a watan Yunin 2023, farashin hukuma bai wuce kusan N460 kan Dala ɗaya ba. A farkon 2024 ya kai N1,500. Motar da kamfani ya yi wa kuɗi Dala 12,000 ta tashi daga Naira miliyan biyar da rabi zuwa miliyan 18 ba tare da an ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba, kuma kuɗin fiton kwastam da wannan farashin canji ake lissafa shi. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi a Kano sai ya tara duk abin da yake samu na shekara 21, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan 18.

Dattawan ma'aikata suna tuna wani zamani daban. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kuma rancen mota na gwamnati ya sa matsakaicin jami'i yana iya fitowa da 504 sabuwa dal. Karyewar Naira daga 1986 ta rushe wannan tsari, aka koma ga motocin Kwatano da na Beljiyam. Yanzu ita ma wannan ƙofa ta ƙuntata. An haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, aka rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kwastam ta kawo tsarin ƙiyasta fito da lambar jikin mota a 2022, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya dagula hanyar Kwatano zuwa Maraɗi. Sakamakon haka shi ne tsohuwar motar da ke ƙofar gida ta zama kadara. Mutane da dama za su iya sayar da tasu yau fiye da kuɗin da suka saye ta shekarun baya, sai dai kuɗin ba za su sayo musu kamarta ba.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa, wanda mutumin karkara ya fi na birni sani. Darajar Corolla ko Golf ko Peugeot 406 a Kibiya tana rataye ne da bakaniken da ya san ciki da wajenta, da kuma kasuwar Ƙofar Ruwa inda za a samo kowane ƙarfe nata, sabo ko na hannu, a ɗora a motar haya ya iso kafin la'asar. Pontiac Vibe ta isa misali. Kamfanin General Motors na Amurka ya rufe sunan Pontiac tun 2010, amma motar tana da farin jini a Kano har yau, saboda injinta na Toyota ne, kayan Corolla da Matrix suna shigar mata. Kamfaninta ya mutu, kasuwa ta raya ta.

Sabuwar mota kuwa garantinta yana da sharaɗi: juyen baƙin mai da sauran duba sai a wurin da kamfani ya amince. Ga mazaunin Nasarawa ko Zoo Road wannan tafiyar minti ashirin ce. Ga mutumin Fassi yini guda ne, kuma idan fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'urar kwamfuta. In gilashi ko fitilar gaba ta fashe, ana iya jiran mako kafin a kawo daga Legas. Haka nan man da ake saya a galan wurin 'yan bumburutu idan dare ya yi, ba kowane sabon inji ke jure masa ba. Waɗanda suka ga yadda gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 ya lalata injuna ba su manta ba.

Sai batun kaya. A wannan yanki mota ɗaya ce ke kai yara makaranta, ta kai mai naƙuda asibitin Rano da tsakar dare, ta ɗauko buhunan taki da damina, ta kwaso masara da kaka. S-Presso tana da tsayi daga ƙasa, abin da ke taimako a hanyar burji, amma nauyinta bai kai kilo 800 ba. Manya biyar da buhu biyu sun isa su sa ta nishi a hawa.

Duk wannan ba ya nufin tsohuwar mota ta wanke kanta. Yaɓe yana da iyaka, kuma bangon da ya jiƙa daga tushe ba yaɓe ne maganinsa ba. Kayan gyara su ma da Dala ake shigo da su, jabu sun cika kasuwa, kuma tsadar taya ta tura mutane ga tsofaffin tayoyin da wa'adinsu ya wuce, abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kai. Mai motar da ke murnar bai ci bashi ba, amma yana jinkirta gyaran birki har sai albashi ya shigo, yana biyan rahusar da ran iyalinsa. Motar da ta fara shan baƙin mai kamar fetur, ko ƙasanta ya ruɓe, ko take kwana a gareji sau biyu a wata, ta fita daga sahun masu lafiya da ake magana a kai. Ta wani ɓangaren kuma, sabunta ba ita ce shaidar tsaro ba. Ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ba ta ba S-Presso ta kasuwar Indiya tauraro ko ɗaya ba a 2020, sannan ta ba wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu taurari uku cikin biyar a 2022. Mai saye yana da haƙƙin tambayar dillali wace iri aka kawo masa, da jakunkunan iska nawa ke cikinta.

Lissafin yana juyawa ne ga mai dogon zango. Direban da ke cin kilomita 5,000 a wata zai ga rarar da ta haura N200,000 bisa misalin da ya gabata, shi ya sa ƙananan Suzuki suka fi yawa a hannun masu hayar manhajar waya a Legas. Malamin makarantar da ke zuwa aiki ya dawo ba ya cikin wannan sahu.

Gwamnatin Tarayya ta nuna ta san inda gizo ke saƙa. Ta kafa kamfanin bayar da lamuni na CREDICORP a 2024, wanda a ƙarshen shekarar ya haɗa kai da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC suka sanar da asusun Naira biliyan 20 don sayen motocin da aka harhaɗa a cikin gida, irin na Innoson a Nnewi ko na Ɗangote Peugeot a Kaduna. Niyyar tana da kyau, amma a raba biliyan 20 da miliyan 20 a gani: mota dubu ɗaya ce. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44.

Abin da zai fi saurin taɓa mai tsohuwar mota shi ne iskar gas ta CNG. Mayar da inji ya riƙa amfani da gas yana rage kuɗin tafiya ba tare da an sayar da motar ba, kuma kuɗin aikin bai kama ƙafar na sabuwar mota ba. Cikas ɗin shi ne wurin sha. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa tun Yunin 2020, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. Ko gas ya wadata a birnin Kano, mutumin Fassi ba zai ƙona man zuwa da dawowa don ya cika tukunya ɗaya ba, ga shi tukunyar tana cinye wurin da yake ajiye buhu. Sai ranar da aka ga famfon gas a Rano ko a Kwanar Ɗangora wannan zaɓi zai shiga lissafinsa.