"Guda Nawa Kake Sha?": Tambayar da Ba a Koya wa Likitocinmu

A daminar bara ɗan maƙwabcina, saurayi ɗan shekara 22 da ke ƙwadago a gonakin masarar da ke kan hanyar Rijau, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya, yana shure-shure, kumfa na fita ta bakinsa. Abokan aikinsa suka ɗauko shi a babur, ni da mahaifinsa muka bi su zuwa wani asibiti a nan Kontagora. Likitan da muka tarar yaro ne mai ladabi, bai daɗe da gama karatu ba. Ya sa aka ɗebi jini, aka ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. To, a watan Agusta wa za a gwada a garin nan a rasa ta? Aka yi allurai, aka ƙara ruwa, aka sallame mu. Bayan mako uku ya sake faɗuwa. Uwarsa ta ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Kawunsa ya ce farfaɗiya ce, ya fara lissafin wanda ya taɓa yin ta a dangi.

A faɗuwa ta uku ne wata dattijuwar nas, wadda furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ta dubi mahaifin ta ce, "Malam, ku ɗan ba mu wuri." Muka fita. Daga baya yaron da bakinsa ya ba ni labarin yadda suka yi. Ta ja kujera ta zauna daf da gadon, ta rage murya ta ce, "Ɗana, ba faɗa zan yi maka ba, kuma babanka ba zai ji daga bakina ba. Guda nawa kake sha kafin ka kama fartanya?" Ya ce ya yi shiru har ya ji kunyar shirun, sannan ya ce, "Mama, uku da asuba, biyu in rana ta take." Tiramol ne, irin mai lamba 225. Mai karatu ya buga lissafin da kansa: miligiram 1,125 a wuni, alhali iyakar abin da littafin likita ya yarda babba ya sha na tiramadol a wuni shi ne 400. Sanannen abu ne a fannin magunguna cewa tiramadol in ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wata guda da rabi muka yi mun bar jaki muna dukan taiki.

Ban kawo labarin nan don in tozarta likitan ba. Ina da tabbacin in da jarrabawa aka ba shi a kan illolin tiramadol, da ya cinye ta. Abin da ya rasa shi ne tambayar, da yadda ake yin ta, da sanin cewa saurayi majiyin ƙarfi da ya faɗi a gona a ƙasar nan ya cancanci a yi masa ita. Wannan kuwa ba a karanta shi a littafi. A gefen gado ake koyon sa, kamar yadda ake koyon jin bugun zuciya da karɓar haihuwa.

Ga yadda muke ƙera likita a Najeriya. Shekara 6 a jami'a, Zariya ce ko Kano ko Sakkwato. A cikinsu, sashen taɓin hankali yana samun 'yan makonni, kuma shaye-shaye wani ɗan lungu ne a cikin waɗannan makonnin. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, inda sabon likita ke zagaya sassa huɗu: na cututtukan manya, na tiyata, na yara, da na mata da haihuwa. Sashen ƙwaƙwalwa ba ya cikin huɗun nan na dole. Daga nan sai hidimar ƙasa, a jefo shi Mariga ko Mashegu ko Magama, inda sau da yawa shi ne likita, shi ne shugaban likitoci. Wani abin da ya fi damuna ma shi ne irin masu shaye-shayen da ɗalibi ke gani a 'yan makonnin nan. Waɗanda abin ya kai su ƙarshe ne, aka kawo su a ɗaure suna sambatu. Sai ya fita da hoto ɗaya a kansa: ɗan ƙwaya shi ne mahaukaci mai dauɗa. Ba ya ganin manomin da ke haɗiyar biyu da koko, ko direban tirela, ko matar aure mai hijabi har ƙasa da ke juye kodin a kwalbar lemo. Su kuwa waɗannan su ne za su cika masa layi gobe, da ƙorafin ciwon ciki da rashin barci da faɗuwar gaba.

Ba ƙananan mutane ba ne a lissafi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kusan miliyan 3 kuma abin ya riga ya zame masu cuta, ba su iya bari da kansu. Sai ka ɗora wannan a kan adadin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ƙungiyarsu ta sha kukan cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma kullum jirgi na kwasar wasu zuwa Ingila da Saudiyya. Duk mai cewa "a tura shi wurin ƙwararre" ya fara gaya mani ta wace hanya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna? Kowa ya san abin da hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari ta zama. Na Kware a Sakkwato? Sai ka bi Yawuri, ka wuce Koko da Jega, ga kuɗin motar mutum uku, ga na abinci, ga gonar da aka bari ba kowa. Talaka zai auna, ya koma gida.

In ya koma gida kuwa, mun san inda ake ƙarewa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Ba a yi wata guda ba aka ga irinsa a Daura. Duk muka yi Allah wadai, kuma ya kamata. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can, har suna biyan kuɗin wata, ba ƙiyayya ce ta kai su ba. Ƙofar da suka gani a buɗe ke nan. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Sai dai doka ba ta duba mara lafiya. Haka ma hana maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a Mayun 2018, kwana ɗaya bayan fim ɗin binciken BBC, da kamen da hukumar NDLEA ke yi ƙarƙashin Buba Marwa: duk sun shafi kayan ne. Shi mutumin da jikinsa ya riga ya saba, ranar da kayan suka yanke, ina zai nufa? Asibiti mafi kusa zai je, yana hamma, majina na zuba, ga gudawa, ga zufa, gaɓoɓi kamar an daka shi a turmi. Likitan da bai taɓa ganin yadda jiki ke yi in an yanke masa ƙwaya ba, zai rubuta taifot, ya ba shi gado. Kwana biyu a wayi gari gadon ba kowa, a rubuta cewa ya gudu.

Abin da nake nema ba ya bukatar sabon gini. Kada ɗalibi ya karɓi shaidar zama likita sai ya zauna da masu wannan lalura, ba ɗaya ba ba biyu ba, malaminsa na kallo, ya yi masu tambayar da dattijuwar nan ta yi, an gyara masa inda ya yi kaushi da inda ya yi wa'azi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsarin tambayoyi 8 mai suna ASSIST da ake gamawa cikin mintuna kaɗan, tana kuma da shirin mhGAP tun 2008, wanda aka tsara musamman don ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararre ba. Kayan aikin suna nan. Ɗalibi ya san cewa wanda ya daɗe yana shan giya ko burkutu, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci guda, jijjiga da ruɗewa na iya kashe shi, don haka a hankali ake janye shi. Ya taɓa riƙe allurar nalokson da hannunsa, wadda ke dawo da numfashin wanda kodin ko danginsa suka danne. Ya san cewa komawa ruwa bayan an bari ba cin amanar likita ba ne, halin ciwon ne, kamar yadda mai hawan jini ke dawowa jininsa ya sake hawa ba wanda ya kore shi.

Sai maganar harshe, wadda masu tsara manhaja a Abuja ba sa tunawa da ita. Ba wanda zai shigo ya ce maka yana shan sunan da ke cikin littafi. Zai ce Tiramol, ko Roci, ko Ezol, ko sholisho, ko sukudai, ko ya ce "ɗan abin ƙarfi" kawai ya sunkuyar da kai. Yaron da ke gona ba ya ma ɗaukar kansa mai shaye-shaye. A ganinsa mashayi shi ne na bakin tasha. Shi maganin gajiya yake sha don ya gama kadada kafin la'asar a biya shi. Ka tambaye shi, "Kana shaye-shaye?" zai rantse maka da Allah ba ya yi, kuma a zuciyarsa bai yi ƙarya ba. Kuma ba a yi wa ɗan Bahaushe wannan tambaya a gaban ubansa, ko matar aure a gaban uwar mijinta. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ai ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba. Rabin gwanintar nas ɗin nan ita ce korar mu da ta yi daga ɗakin.

Akwai wani ɓangaren da ma'aikatan lafiya ba sa son a taɓo, wanzami ba ya son jarfa. Wani kason wannan bala'i daga asibitin kansa yake farawa. Allurar pentazosin, wadda suke kira Penta, da ake yi wa masu sikila in ciwo ya tashi, ta kama mutane da yawa a ƙasar nan, har ka ga cinya da damtse sun zama gyambo sun ƙandare saboda yawan sukar allura. Ta kama wasu daga cikin masu farar rigar ma. Can kuma ga ɗaya gefen: likitan da tsoro ya sa yake hana mai sikila maganin raɗaɗi, yana kallon sa a matsayin ɗan ƙwaya alhali ƙashinsa ke ci da wuta. Duka biyun rashin horo ne.

Na san abin da malaman jami'a za su ce: manhaja ta cika ta batse, kowane sashe kuka yake a ƙara masa mako. Gaskiya ne. Amma ban ce a ƙwace makon kowa ba. A sa tambayar a cikin kowane sashe: a ɗakin haɗari, inda ake kawo ɗan acaɓar da ya karye, a awon ciki, a asibitin masu sikila. Amurka, da duk dukiyarta, sai a 2016 ta amince da maganin shaye-shaye a matsayin fanni mai zaman kansa a likitanci, kuma sai da annobar ƙwayoyin kashe raɗaɗi ta ci mata dubban ɗaruruwan rayuka kafin a 2023 ta wajabta wa masu rubuta irin waɗannan magunguna horon awa 8. Ba sai mun jira namu kaburburan sun kai nasu ba. Mu da muke da tarihin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a Aro ta Abekuta ya fitar da masu taɓin hankali daga bayan katanga ya zaunar da su a ƙauyuka tare da danginsu, har duniya ta zo koyo. A Aron nan aka buɗe sashen kula da masu shaye-shaye tun 1983.

Wasu kuma za su ce, wanda ya jawo wa kansa, me ya sa za a ɓata lokacin likita a kansa? Ni ma ina jin haushin, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ganin an kori mai ciwon suga daga asibiti don ya sha lemo ba, ko direban da ya yi gudun wuce sa'a ya kife. Malam ya yi wa'azinsa a masallaci, hukuma ta kama dila, likita kuma ya yi magani. In likita ya karɓe aikin malam, wa zai yi nasa?

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne Jihar Neja na ƙoƙarin fara ƙera likitocinta da kanta, tun da gwamnatin Umaru Bago ta ba da sanarwar mayar da otal ɗin Shiroro da ke Minna asibitin koyarwa na Jami'ar IBB ta Lapai. Tsofaffin makarantu sun riga sun ƙandare, sauya masu jadawali sai an sha taro. Tamu kuwa ɗanyen yumɓu ce. A rubuta tun yau cewa kowane ɗalibi zai yi wasu makonni a manyan asibitocin garuruwa irin su Kontagora, a tsakiyar damina, lokacin da 'yan ƙwadago suka cika gari, kuma a haɗa shi da nas-nas da ma'aikatan lafiya na ƙauye da suka san sunan kowace ƙwaya da shagon da ake sayar da ita.

Ɗan maƙwabcin nawa bai sake faɗuwa ba. Ba zan ce ya bari ɗungurungum ba. Sau biyu yana komawa, sau biyu yana zuwa da ƙafarsa ya sami dattijuwar nan ya gaya mata. Da na je yi mata godiya kafin azumi, na tambaye ta a wace makaranta aka koya mata. Ta yi dariya ta ce, "Malam, wace makaranta? Ƙanena na binne." Ta ce saura mata wata 7 ta yi ritaya, ta koma ƙauyensu ta yi kiwon awaki.