Alƙawarin da Potiskum Ke Bukata: A Daina Kashe Magana a Zaure

Daga ranar 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba na kowace shekara ake gudanar da gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata. A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama a irin waɗannan taruka: a tara jama'a, a karanta musu alƙawari, su ɗaga hannu ko su rattaba shi a kan farin ƙyalle, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Wannan jarida ba ta raina al'adar ba, domin wanda ya yi furuci a bainar jama'a ya bai wa maƙwabtansa igiyar da za su ɗaure shi da ita. Amma a gari irin Potiskum, ya kamata a tsaya a tantance abin da ake alƙawartawa da kuma wanda ke alƙawarin.

Ɗaya daga cikin sanannun irin wannan gangami ya faro ne a Kanada a 1991, shekara biyu bayan wani ɗan bindiga ya kashe mata 14 a wata kwalejin fasaha da ke Montreal. Wasu maza suka fara liƙa farin zare a ƙirji, suna alƙawarin abu uku: ba za su ci zarafin mace ba, ba za su ba mai yi uzuri ba, kuma ba za su yi shiru ba. Na farko kowa zai iya furta shi ba tare da gumi ba. Nauyin yana kan na uku.

Mutanen Potiskum ba sa bukatar a yi musu lacca a kan tashin hankali. Sun ga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012. Sun ga kisan ɗalibai a makarantar Mamudo a watan Yulin 2013, sannan a ranar 10 ga Nuwamban 2014 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ya hallaka fiye da mutum 40, galibinsu ɗalibai. A duk waɗannan masifu garin ya yi magana da murya ɗaya, saboda kowa ya ɗauki maharin a matsayin abokin gaba.

Cin zarafin da ake yi a cikin gida da lungu kuwa dabam yake, domin mai laifin sananne ne: kawu ne, ko maƙwabci, ko malami, ko mai shagon da yarinya ke kai wa talla. Ga yadda maganar ke mutuwa. Uwa ta gano abin da ya faru, kafin gari ya waye dattawa sun hallara a zaure. A ce wa uba ya rufa wa 'yarsa asiri, in ba haka ba wa zai aure ta? A tuna masa zumunci, a ce ya bar wa Allah, wani lokaci a ajiye ɗan abin sayen magani. Kafin a kai yarinyar asibiti, kwanaki sun shuɗe, shaidar da likita zai iya samu ta gushe, har lokacin ba da maganin kariya daga cutar ƙanjamau, wanda ake so a fara cikin sa'o'i 72, ya wuce. Yara maza ma ba su tsira ba, musamman almajiran da ba su da mai tsaya musu. Da yawa daga cikin dattawan nan ba mugaye ba ne. Sun gaji sulhu ne, wanda kuwa yake da amfani a rikicin gona da kiwo ko na gado. Sai dai fyaɗe ba rikici ba ne tsakanin gida biyu, laifi ne, kuma wanda aka yafe wa a zaure yakan koma ga wata yarinyar.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. An sa hannu a kan dokar haramta cin zarafin jama'a, wato VAPP, a watan Mayun 2015, amma ikonta bai wuce Abuja ba sai jihar da ta karɓe ta. Gwamna Mai Mala Buni ya sa hannu a kan ta Yobe a 2022, tare da dokar kare yara. Kafin nan, an ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a Nuwamban 2019 ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP, kuma a Yunin 2020 ƙungiyar gwamnoni ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar. Duk waɗannan ba sa aiki sai an kai ƙara.

Don haka masu shirya gangami su rage tara 'yan makaranta suna maimaita kalmomi a rana, su nufi masu iko da zaure. Potiskum na da fada biyu, ta Fika da ta Pataskum, kuma ƙarƙashinsu akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni. Akwai limaman Juma'a da shugabannin majami'u, da shugabannin direbobi da na kasuwa. Alƙawarin da ya dace da su gajere ne: ba za a sasanta fyaɗe a gabana ba, kuma yaron da aka kawo mini zai isa asibiti da ofishin 'yan sanda a ranar. A faɗe shi da Hausa, a kuma faɗe shi da Karekare da Ngizim da Bolanci, yadda tsohuwar ƙauye za ta iya tuna wa mai unguwa abin da ya furta.

Ma'aikatan tarayya da hadiman manya da ke Abuja kada su ɗauka wannan lamarin jiha ne kawai. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce. Haka NAPTIP, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da Hukumar Wayar da Kan Jama'a. Idan mai unguwa ya cika nasa alƙawarin ya raka uba zuwa caji ofis, sai aka nemi kuɗin mota ko na takarda, ko shari'a ta yi ta ɗagewa har talaka ya gaji da zirga-zirgar kusan kilomita 100 zuwa Damaturu, to gobe zai koma zaure, kuma da wuya a ga laifinsa.

Hadiman da ke rubuta jawabin ranar 25 ga Nuwamba suna da damar da ba kowa ke da ita ba. Su cire jerin kalmomin alhini, su sa alƙaluma: ƙara nawa aka kawo daga Potiskum a bana, nawa aka gurfanar, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka janye kuma saboda me. Hukumar da ta kasa kawo waɗannan alƙaluma ta bar shugabanta ya zauna a kujerar 'yan kallo ranar taro, har sai ta kawo su.