Rijiyar Sumayya Ba Marubuci Ne Ya Haƙa Ta Ba

Malam, na karanta maƙalarka wadda a cikinta ka yanke hukunci cewa littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1991, shi ya koya wa 'yan matan birnin Kano bijire wa iyayensu, hujjarka kuwa ita ce jarumar littafin, Sumayya, ta faɗa rijiya da aka hana ta talakan da take so, aka nufe ta da mai dukiya.

To, da ka saurari 'yan matan Yakasai da Mandawari waɗanda suka riƙa karɓar aron littafin hannu da hannu har bangonsa ya yage, da ka fahimci cewa abin da ya sa su hawaye shi ne sun ga halin yayyensu da ƙawayensu a rubuce, domin auren dole ya girmi injin ɗab'i a garin nan nesa ba kusa ba. Ka kafa dalili da ijbarin da Risala ta ba uba a kan budurwa, amma ka tsallake hadisin Khansa'u, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da yardarta ba. Wannan ba adalcin mai ilimi ba ne.

A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Shin alƙalan kotunan shari'a sun daina jin ƙarar neman khul'i tun daga ranar?