Dole Sai Kishiya Ta Haukace?

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure. Yau ba labari zan ba ku ba, faɗa na zo yi, kuma da ku zan yi shi, don haka wadda ta san ranta ba ya ɗaukar gaskiya gara ta buɗe shafi na gaba tun yanzu.

Ba gidan biki ko gidan suna da za a zauna a tayar da hirar littafi ba a sami wadda ta taɓe baki ta ce ai littattafan yanzu duk abu ɗaya ne, in ka karanta ɗaya ka karanta ɗari ba. Ban ce ƙarya take yi ba. Ni ma na san zubin kamar yadda kuka san shi. Yarinya fara sol, doguwa, gashi har gadon baya, in ba ruwa biyu ba ce to kakarta Balarabiya ce. Saurayi miskili, bai cika shekara 30 ba amma yana da kamfani a Abuja da wani a Dubai, ya yi karatu a Ingila, ba ya dariya sai ranar da ya gan ta. Sai kishiya, baƙa, ƙazama, ba ta iya girki ba, kullum tana hanyar gidan boka ita da uwarta. A ƙarshe asiri ya koma kanta ta haukace tana bin bola, ita kuwa tauraruwar ta haifi 'yan biyu, a ɗunguma a tafi Umara. Shi ke nan, tammat.

To amma tambayata ita ce, wa ya ce a rubuta haka? Ku ne. Wallahi ku ne, ba wani ba.

Bari in gaya muku yadda littafi yake fitowa, don na lura da yawanku kun ɗauka marubuciya tana zaune ne a kan kujera mai juyawa, wani kamfani yana biyanta albashi. Babu wannan. Tun da aka fara irin wannan rubutu namu a shekarun 1980, mace da kuɗinta take bugawa, na adashi ne, ko ta sayar da ɗan kunnenta, ko mijinta ya ranta mata. Ta biya mai buga rubutu, ta biya mai zanen bango, ta sayi takarda, ta biya maɗaba'a, sannan a ɗauki kaya a kai wa 'yan kasuwa, su kuma ba sa biya sai sun sayar. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake raba labari kashi na 1, na 2, na 3, domin kuɗin na farko ne zai dawo a buga na biyu. In na farko ya kwanta a shago, to na biyu ya mutu a cikin akwati. Shi kuwa ɗan kasuwa ba lallai ya karanta ko shafi guda ba, abin da ya sani shi ne abin da mata suke aiko yara su tambaya. Ashe kun ga tun a wancan lokacin bakin mai saye ne yake juya hannun mai rubutu.

Yanzu da karatu ya koma cikin waya abin ya ma fi muni. Da can sai an gama littafi kafin ki gan shi, in kin ji haushi ki rubuto wasiƙa. Yau kuwa shafi-shafi ake saki a WhatsApp, marubuciya ba ta gama ajiye numfashi ba saƙonni sun cika mata waya. Wannan ta rantse in aka bar maigidan ya shirya da uwargidansa ta daina karantawa, waccan ta ce hukuncin da aka yi wa kishiyar ya yi kaɗan, a ƙara mata da shanyewar ɓarin jiki. Kuna tsaye a kanta kamar masu jiran a sauke tukunya, kowa da irin gishirin da take so a zuba. Ta bi son ranku, in an gama kuma ku koma gefe ku ce miyar ba ta da bambanci da ta jiya. Haba jama'a!

Maganar kishiyar nan ita ta fi ci mini rai, kuma a kanta zan daɗe. 'Yar uwa, wace ce kishiya? Ke ce fa. Duk macen da take da kishiya ita ma kishiyar wata ce, babu yadda za a yi lissafin ya fita ba haka ba. Littafi ɗaya yana shiga gida ɗaya, uwargida ta karanta a ɗakinta tana ganin ita ce baiwar Allahn da ake zalunta, amarya ta ara ta karanta a nata ɗakin ita ma tana ganin da ita ake. Kowacce ta rufe littafi ta leƙa tsakar gida ta ga muguwar labarin tana shanya. In tauraruwar amarya ce, uwargida ta zama tsohuwar mayya mai baƙin ciki. In tauraruwar uwargida ce, amarya ta zama 'yar bariki mai kwaɗayin dukiya. Ba a taɓa barinmu mu ga mata biyu masu hankali da aka haɗa su a gida ɗaya, kowacce da kyawunta da muninta, suna fama da kishin da Allah ya halitta musu ba tare da ɗaya ta zama shaiɗaniya ba. Alhali irin waɗannan su suka fi yawa a unguwanninmu. Wace ce a cikinku ba ta san gidan da kishiya ce ta yi jinyar 'yar uwarta a asibiti ba, ko ta riƙe mata marayu bayan ta rasu har ta aurar da su? Amma a saka wannan a littafi sai ku ce labarin ba ya da armashi.

Kuma ku lura da wanda yake tsira a duk wannan rigima. Maigida. Ya yi wata shida bai shiga ɗakin matarsa ba, ya hana cefane, ya kori 'ya'yansa, ya yi saki cikin fushi, amma da an zo shafin ƙarshe sai a tono laya a ƙarƙashin gado, a ce ai ba yin kansa ba ne, asiri aka yi masa. Ya yi kuka ya nemi gafara, ku ma ku share hawaye ku yafe masa. Mu mata da hannunmu muke rubuta wa namiji takardar wanke laifi, mu mata kuma muke saye muna tafi. Namijin da bai iya adalci ba ba ya bukatar boka kafin ya yi zalunci, wannan kowace matar aure ta sani, ko ba ta faɗa ba.

Ba haka magabatanmu suka yi ba. Ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi ba 'yar sarki ba ce, ba kuma sarauniyar kyau ba, matar aure ce mai 'ya'ya 9 wadda mijinta Alhaji Abdu yake da rumfa a kasuwa amma gidansa na fama da cefane. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Delu ba mutuniyar kirki ba ce, gaskiya ne, amma marubuciyar ba ta ɗauke alhakin daga wuyan Alhaji Abdu ta rataya wa wani boka ba, nasa ne, shi ya bi shi har gida. Ƙarshen labarin ma ba mai daɗi ba ne, don bayan da dukiyarsa ta ƙone aka taru a kan Rabi sai ta koma masa. Mai karatu tana rufe littafin ranta a ɓace, kuma daidai ne ya ɓaci, domin haka ake yi wa mata. Wannan littafin ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, aka buga shi a ƙasar Indiya a 2012, mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suka karanta labarin mai sayar da abinci. Da yau ake sakinsa shafi-shafi a waya, na tabbata da kun matsa sai an aurar da Rabi ga wani gwamna.

Haka Wa Zai Auri Jahila? na ita Hajiya Balaraban dai, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba mota ce ta cece ta ba, karatu ne. Kai ko a fagen soyayyar zalla, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya girgiza ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990, Sumayya ce 'yar masu kuɗi, Muhammad talaka ne, kuma iyayenmu da yayyenmu bayan talakan suka bi. Yau fa? A ce tauraron labari tela ne, ko malamin firamare, ko mai tuƙa adaidaita sahu, sai ku yi tsaki, sai dai in daga baya za a gano ashe ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri. To ke 'yar shekara 17 da kika karanta irin wannan guda 50, da wane ido za ki kalli yaron kirkin da yake zuwa zance ƙofar gidanku a kan babur? Da wane ido kuma za ki kalli fatarki a madubi, bayan duk littafin da kika buɗe baƙar mace ita ce 'yar aiki ko muguwa? Masu sayar da man bilicin ya kamata su riƙa ba mu la'ada.

Kada wata ta ɗauka na koma layin masu cewa a hana mata karatun littafi. Allah ya kiyaye. Na san abin da aka yi mana. Tun shekarun 1990 ake zaginmu a jaridu, aka raɗa wa rubutunmu suna adabin kasuwar Kano don a ƙasƙantar da shi, har sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka fito suka kare shi. A 2007 kuma aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wai suna lalata tarbiyyar 'yan mata. Waɗanda suka yi wannan ba su san mata nawa ne aka cire daga aji 4 na firamare aka yi musu aure, waɗanda ba don waɗannan littattafai ba da tuni bokon ya gudu daga kansu. Da littafin soyayya suka riƙe karatunsu har suke iya duba takardar asibiti da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Duk inda aka taso da wannan magana a gaban maza ina bayanku, ba na ja da baya. Amma nan ɗaki ne, mu kaɗai ne, kuma naka shi ke gaya maka bakinka na wari.

Akwai kuma wasu a cikinku, su ne ma suka fi ba ni haushi, masu cewa su fa sun gaji da soyayya, littafi mai ma'ana suke so. Madalla. Nawa kika saya a bana? Shiru. In an yi mai ma'anar, aro za ki yi. Kwafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire, ya dawo da tabon manja, shafin ƙarshe ya ɓata. Da can da ake ba da hayar littafi a unguwanni ko banza mai hayar ya sayi kwafi ɗaya ko biyu. Yanzu mace ɗaya ce za ta biya kuɗin karatu a waya, ta kwafe ta tura wa ƙawayenta, su ma su tura gaba, kafin magariba labarin ya kai Maraɗi da Kumasi, marubuciya ba ta ga ko kuɗin katin da ta saka ba. Kina da kuɗin anko, kina da na lalle, kina da na data da za ki kwana kina kallon fim ɗin Indiya, amma kuɗin littafi ne asara. Masu son kishiya ta haukace su suna biya, ke mai son ma'ana yabo kawai kike bayarwa, kuma mai maɗaba'a ba ya karɓar yabo a madadin kuɗin takarda.

Ba iyawa ce matan Hausawa ba su yi ba. Tun 1980 Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya ta buɗe mana ƙofa. Da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake. Da aka ɗauke wa mata tsoron kasuwa na ɗan lokaci, kun ga abin da ya fito daga alƙalaminsu. Labarai suna nan jibge, na zawarawa, na masu yoyon fitsari, na matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara 5 ba aike, na yarinyar da take talla don a tara mata kayan ɗaki. Marubuta sun san su sarai, tsoron kwantai ne yake sa su mayar da su akwati.

Ni dai littafina mai fitowa na riga na gama shi, ba kuma zan sake ko layi ɗaya ba. Maigidan tela ne a bakin kasuwa, matansa biyu, uwargida baƙa ce kuma ita ce kyakkyawar, amaryar tana koyarwa a Islamiyya. Suna kishi, suna faɗa, har sun yi wata guda ba sa gaisawa. Ba boka a ciki, ba wadda ta haukace, laifin da maigidan ya yi kuma da hankalinsa ya yi shi. Wadda take so ta tanadi kuɗinta, kuma don Allah in maƙwabciya ta aiko aro, a ce mata yana shago.