Sikila, Gadon da Sauro Ya Bar Mana

Akwai wani fannin ilimi da ke nazarin jikin ɗan Adam, ƙashinsa da jininsa, da yadda zuriya ke sauyawa sannu a hankali gwargwadon ƙasar da ta zauna da cututtukan da ta yi fama da su. Masanansa ne ke tono tsofaffin ƙasusuwa, irin ƙoƙon kan nan da aka samu a hamadar Chadi a 2001, aka raɗa masa suna Tumai. Mu kam ba sai mun je hamada ba, misalin yana cikin gidajenmu, wato amosanin jini, ko sikila.

A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna cewa a Gabashin Afirka yaran da suka gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato masu AS, zazzaɓin cizon sauro bai cika yi musu mummunan kamu ba. To, a zamanin da babu magani, su ne suka fi tsira, suka girma, suka hayayyafa, ƙwayar ta yi ta yaɗuwa. A 1958 Frank Livingstone ya danganta abin da noma a nan Afirka ta Yamma: da aka sare daji aka kafa ƙauyuka, kududdufai suka yawaita, sauro ya samu wurin zama kusa da mutane.

Sai dai garkuwar tana da tsada. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai cutar ke nan. Mu lura, cewa muka yi kowane ciki. Wasu kan ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, alhali ana iya jera uku. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba, rabin gadon daga uba yake.

A arewacin Gana da Burkina Faso akwai kuma ƙwayar C da yawa, wadda in ta haɗu da S takan ba da SC, shi ma ciwo ne. Saboda haka a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a kuma tambayi likita harufan biyu dalla-dalla. Mai AS kuwa kada ya yar da gidan sauro, zazzaɓin yana kama shi.